Ƙanina na shan tiramol da roci: asibiti za mu kai shi, rihab, ko gidan malam?

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya shirya mana shi, ya ba ku haƙurin zama da shi. Bari in maimaita tambayarki a taƙaice saboda masu karatu: ƙaninki ɗan shekara 24 ne, yana jan adaidaita, ya kai shekara uku yana shan tiramol, yanzu kuma ya haɗa da roci (wata ƙwayar sa barci) da wiwi, gida ya rabu, Baba ya ce a kai shi gidan malam a tsare, Umma ta ce asibiti, kawunku kuma ya kawo maganar wani rihab, wato cibiyar farfaɗo da masu shaye-shaye, mai tsada a Abuja, ke kuma kina son ki san meye bambancin wuraren nan kafin a zuba kuɗi. Ni ma'aikacin jinya ne a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye, abin da zan faɗa miki daga wurin aiki ne, amma fa ban ga yaron ba, dole sai likita ya gan shi ido da ido.

Toh kafin ma a zo maganar ina za a kai shi, akwai zama na farko da likitan ƙwaƙwalwa, kuma wallahi wannan zaman shi ne iyaye suka fi tsallakewa don gani suke ɓata lokaci ne, mun riga mun san ƙwaya yake sha me za a faɗa mana kuma. A nan ake tambayarsa me yake sha, guda nawa a rana, tun yaushe, yana allura ko ba ya yi, ya taɓa yanke jiki ya faɗi yana jijjiga, yana jin ana masa magana a kunne, ya taɓa tunanin halaka kansa, sannan a miƙa masa ɗan kofin roba ya yi fitsari a tsoma wani kati mai layi-layi, kafin minti goma ya nuna abin da ke jikinsa, sau da yawa har da wanda ya rantse da Allah bai taɓa sha ba. A duba hantarsa, a yi gwajin ciwon hanta na B da C da kuma HIV, musamman in akwai allura a ciki. Abin da aka gani a wannan zaman shi ke nuna ko mutum na buƙatar gado ne ko zai iya zuwa daga gida, don mai shan wiwi kaɗai da mai haɗa tiramol da roci ba hanya ɗaya ake bi da su ba ko kaɗan.

Matakin da kowa ya sani shi ne ditoks, wanda a gida ake cewa a kai shi a wanke masa jini. Babu wani jini da ake wankewa, ƙarin ruwa ma ba ya fitar da ƙwaya, hanta da ƙoda ne ke wannan aikin da kansu. Aikinmu shi ne mu riƙe mutum ya tsallake kwanakin da jikinsa ke bore saboda an hana shi abin da ya saba. Mai tiramol ko kodin in ya daina, kafin kwana ɗaya ya cika za ki ga ya fara hamma ba ƙaƙƙautawa, majina da hawaye na zuba sai ki ɗauka mura ce, tsigar jikinsa na tashi ga gumi, ciki na murɗawa, gudawa, amai, ƙafafu na masa ciwon da ba zai iya ajiye su wuri ɗaya ba, dare ya raba yana zagaye ɗaki. Abin ya fi tsanani a kwana na biyu da na uku, daga mako ɗaya zuwa kwana goma yawanci ya lafa. Shi tiramol yana da ƙarin nasa, don ban da aikin kashe ciwo yana taɓa sinadaran da ke riƙe yanayin zuciyar mutum, shi ya sa wasu ke samun firgita da baƙin ciki mai tsanani, wasu su ce suna jin wani abu na fizgarsu a ka. Wahala ce ta gaske amma da wuya ta kashe mai lafiya in ana kula da ruwan jikinsa. Inda tiramol ke kisa shi ne wurin shan, likita ba ya wuce miligiram 400 a rana, na kan titi kuwa ƙwaya ɗaya 225 ce, yaro ya watsa uku ko huɗu lokaci guda da shayi, shi ne za ki ji an ce ya faɗi yana farfaɗiya a kan mashin.

Ni abin da ya fi tayar min da hankali a saƙonki rocin ne, ba tiramol ɗin ba. Roci da D5, wato ƙwayar diazepam, danginsu ɗaya, maganin barci da kwantar da hankali ne, kuma wanda ya daɗe yana sha kullum in aka yanke masa rana ɗaya zai iya kamuwa da jijjiga, ya ruɗe, ya dinga gane-gane, har rai ya salwanta. Giya ma haka take ga wanda ya yi nisa, rawar hannu ta fara cikin awanni, ruɗewar mai haɗari ta zo wajen kwana biyu zuwa uku. Waɗannan ba a yanke su, saukowa ake da su a hankali, likita ya mayar da mutum kan adadin da ya auna ya dinga ragewa, wani makonni wani ma watanni. Kinga ke nan duk wanda ya ce miki a kulle shi a ɗaki kawai a hana shi komai zai ware, bai san abin da yake faɗa ba, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ya faɗa. In kina son ki gane ko har yanzu yana sha, ki lura da harshensa, roci na barin shuɗi a baki.

Ga kuma abin da nake so ki riƙe fiye da komai a amsar nan: ditoks ba shi ne maganin ba. Na ga iyaye da yawa an sallami ɗansu bayan sati biyu ya yi fes ya yi ƙiba, a yi sadaka a yi murna, kafin wata ya zagayo ya koma, su ce asibitin bai iya aiki ba. Jiki ya saki ƙwayar amma ƙwaƙwalwa ba ta saki ba, majalisar tana nan, dilan yana nan a bakin tasha, dalilin da ya sa ya fara sha ma yana nan. Shi ɗinku ina kyautata zaton don ya jure tuƙi tun safe har dare ya fara, ya haɗa balas ɗin mai adaidaita, haka yawancinsu ke farawa, 'yan dako da leburori da manoma lokacin damina ma haka.

Bayan ditoks hanya ta kasu. Akwai kwanciya a asibiti ko cibiya, wanda shi ne mutane ke nufi in sun ce rihab. Gajere yakan kai wata ɗaya, matsakaici wata uku, dogo kuma wata shida zuwa shekara inda ake zama tare a gida ɗaya, kowa da aikinsa, waɗanda suka daɗe su ke jan sababbi. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka, NIDA, ta daɗe tana cewa jinyar da ba ta kai kwana 90 ba amfaninta kaɗan ne ga yawancin mutane, kuma abin da muke gani ke nan, amma kwana 90 ɗin ba lallai duka a kan gado ba, ana iya haɗa na kwanciya da na zuwa daga gida. A wuri mai kyau yini a tsare yake: a tashi da asuba, a gyara gado, a sha magani, a zauna a da'ira kowa ya faɗi yadda ya kwana da abin da ke cinsa, a gana da masanin halayya shi kaɗai, da yamma a buga ƙwallo ko a koyi sana'a, waya kuma a ajiye ta a ofis. A wurin da ba shi da kyau kuwa barci kawai ake sa su da allura, su ci su kwanta, ranar sallama a miƙo muku risit. Gado ya dace da wanda ke haɗa ƙwayoyi da yawa, ko ya taɓa jijjiga, ko taɓin hankali ya shigo, ko yana barazanar cutar da kansa ko wani, ko kuma gidan da unguwar sun zama ba zai iya tsira a ciki ba. Ƙaninki, daga abin da kika rubuta, ya shiga rukunin farko, na masu haɗa ƙwayoyi.

Na gwamnati akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri, a Kano akwai na Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, a Zariya akwai na asibitin koyarwa na ABU. Hukumar NDLEA ma tana da sashen ba da shawara da farfaɗo da masu shaye-shaye a ofisoshinta na jihohi da dama, daban da masu kame. Na san abin da Umma za ta ji in an ce Dawanau, za a ce ɗanta ya haukace, amma gaskiya likitocin da suka san aikin nan a can suke, kuma kuɗin bai kai na masu zaman kansu ba. Matsalar ita ce gado, don binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga ciki dangin tiramol da kodin ne, ki kwatanta wannan da 'yan gadajen da muke da su. Mata ma sun fi shan wuya, ɗaya cikin huɗu na masu shan mace ce amma ba kasafai ake kawo su ba, ɓoye su ake a ɗaki saboda kar a rasa mijin aure.

Shi rihab ɗin kawunku ban ce kar a je ba, akwai na kirki a cikin masu zaman kansu, sai dai tsada da esi da tayil ba su ne jinya ba. Ki je da kanki ki tambaye su wane likitan ƙwaƙwalwa ke duba marasa lafiyarsu kuma sau nawa yake zuwa a sati, wa ke kwana da su da dare in mutum ya fara jijjiga, suna da rajista da ma'aikatar lafiya, za a bar ku ku zo dubiya ku gan shi ku kaɗai ba ma'aikaci tsaye a kansa, sannan me suka tanada bayan sallama. Duk wanda ya ce miki yana ba da garanti ɗari bisa ɗari ki ɗauki jakarki ki fito.

Sai kuma zuwa daga gida, wanda mutanenmu ke rainawa don gani suke in ba a kulle mutum ba ba a yi komai ba. Mutum na kwana a gidansu, yana aikinsa, yana zuwa asibiti sau ɗaya a sati, ko in mai tsanani ne sau uku zuwa biyar na wasu awanni, ana gwada fitsarinsa ba tare da an sanar da shi ranar ba. Ga mai mata da 'ya'ya ko ɗalibi ko wanda abin bai yi nisa ba, wannan yakan yi aiki daidai da kwanciya, kuma a nan ne ma ake koyon abin da ya fi wuya, wato wucewa ta gaban majalisar ba tare da an tsaya ba. Abin da ake yi a zaman ba wa'azi ba ne ba kuma faɗa ba. Akwai salon da ake bi da wanda bai ma yarda yana da matsala ba, a bar shi ya yi magana har shi da bakinsa ya lissafo abin da ƙwayar ta cinye masa. Akwai wanda ake zama a bi diddigin sha'awar, ƙarfe nawa take taso masa, a ina, da wa, bayan wane ɓacin rai, sannan a shirya me zai yi a wannan minti ashirin ko talatin ɗin kafin ta lafa, don lafawa take in ba a biye mata ba. Akwai ma tsarin ba da ɗan tukwici duk lokacin da fitsari ya fito babu komai, mutane na dariya in na faɗa amma ga masu shan ais (ƙwayar meth mai hana barci) da hodar ibilis yana cikin abubuwan da bincike ya fi tabbatarwa, tunda su ba su da wani magani na musamman, wiwi ma haka.

Dangin tiramol da kodin da allurar kashe ciwo ta penta su suna da magani. Akwai methadone da buprenorphine da ake ba mutum adadi ƙayyadadde kullum su kashe masa sha'awar ba tare da ya bugu ba, a ƙasashen da suka yi nisa su ne ginshiƙin jinyar kuma sun rage mace-mace sosai, a nan ba ko'ina ake samu ba. Akwai naltrexone da ke toshe daɗin ƙwayar, amma sai mutum ya yi kwana bakwai zuwa goma babu komai a jikinsa kafin a fara, in ba haka ba zai jefa shi cikin wahalar nan take. Dan Allah kar wani ya je kemis ya sayo masa ko ɗaya. In kuma akwai ciwon damuwa ko wiwi ta fara taɓa shi, yana zargin ana binsa ko yana magana shi kaɗai, dole a haɗa da maganin wannan a lokaci guda, in aka yi ɗaya aka bar ɗaya komawa zai yi. Ƙungiyoyin tsofaffin mashaya masu taimakon juna irin AA da aka kafa a Amurka a 1935 da NA ta 1953 kyauta ne kuma suna taimakawa, sai dai a arewa ba su yawaita ba, ki tambaya a asibitin ko suna da zaman waɗanda aka sallama.

Maganar Baba kuma, ki bi shi a hankali, ba mugunta ce ta sa ya faɗa ba, gajiya ce, kuma a zamaninsu abin da aka sani ke nan. Amma ki tuna masa watan Satumbar 2019 da 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, wasu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya, bayan 'yan makonni aka sake samun irinsa a Daura da Katsina. Iyaye ne suka kai su da hannunsu suna biyan kuɗi. Ko an samu malamin kirki wanda ba ya duka, ba shi da abin da zai yi in yaron ya fara jijjigar roci da ƙarfe biyun dare. Kuma abin da nake gani ga waɗanda suka fito daga mari shi ne sun dawo da ƙullaci, sun daina yarda da kowa a gida, sai a sha wuya kafin su yarda da mu ma. Addu'a da karatu da zama da malami na gari kuwa ni da kaina nake ƙarfafa su, wanda ya kama sallar jam'i ya samu abokai na masallaci ya fi samun abin riƙewa, amma a haɗa da asibiti. In ma ta kai sai an kwantar da shi ba da son ransa ba, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta shimfiɗa yadda ake yi ta hannun likitoci. Sai kuma masu cewa a yi masa aure zai nutsu, dan Allah ku tausaya wa 'yar mutane, a bari ya samu kamar shekara yana tsaye tukuna.

Ranar sallama aikinku ke farawa, kuma a nan ne iyalai ke faɗuwa, ko dai su sa masa ido har banɗaki suna masa gori, ko su sake shi gaba ɗaya. Tun yana kwance ku nemi a zauna da ku, Baba da Umma da ke, a yi yarjejeniya a gabansa: kuɗi ba za su dinga zama da yawa a hannunsa ba, layin waya a canza, ranar komawa asibiti ba fashi, gwajin fitsari ba fushi. Adaidaitar nan ma a sake tunani, in zai koma tashar da ya saba da awannin da ya saba da balas ɗin da ya saba to an mayar da shi inda aka ɗauko shi ne, ko a rage masa awanni ko a nema masa wata sana'ar na ɗan lokaci, zaman banza kuma ya fi duka haɗari. Watannin farko za ki ga ba ya barci sosai, ba ya jin daɗin komai, ga saurin fushi, ba iskanci ba ne, ƙwaƙwalwar ce ke dawowa daidai a hankali.

Zai iya komawa, gara in faɗa miki yanzu. Alƙaluman NIDA sun nuna kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari sukan sake sha bayan jinya, kusan daidai da yadda masu hawan jini ke sakin magani jinin ya sake hawa, kuma ba wanda ke cewa a daina kai mai hawan jini asibiti don jininsa ya hau, komawa ake a gyara magani. In ya zame ku dawo da shi da wuri, kar a tsaya ɓoyewa ko zagi har sati ya zama wata. Haɗarin da ke cikin zamewar shi ne jikinsa ya riga ya manta adadin da yake ɗauka da, in ya sha irin na da zai iya tsayar masa da numfashi, balle in ya haɗa da roci, shi ya sa makonnin farko bayan sallama ko fitowa daga gidan yari suka fi kowane lokaci kisa.

In ni ne ke, satin nan zan samu lokacin da yake cikin hayyacinsa, ba lokacin da ya yi caji ba, in zauna da shi ni kaɗai ba taron dangi ba, in ce ya raka ni mu ga likita kawai, ban ambaci kwanciya ba, in tafi da fankon duk abin da na tsinta a aljihunsa ko ƙarƙashin katifarsa don likita ya gani. Kafin ranar kar ku ƙwace masa rocin da ƙarfi. In kuma kuka same shi ba ya tashi, numfashinsa na fita sama-sama ko yana wani irin minshari, leɓensa ya canza launi, kar a ɗura masa madara ko manja ko ruwa don shaƙewa zai yi, ku kwantar da shi ta gefe ku garzaya asibiti mafi kusa, ku faɗa musu gaskiyar abin da ya sha ba kunya, akwai allurar naloxone da ake yi wa wanda dangin tiramol suka danne wa numfashi kuma sai sun sani za su yi masa.